Hajiyarmu tana ɗaure kaya da magariba wai za ta gida: gigin tsufa ne ko ciwo?

Abban Yusra (Agege): Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta fito da ni. Maganar mahaifiyata ce. Shekarunta 74. Tun 1981 take Agege, a nan ta yi sana'ar waina har ta aurar da mu gaba ɗaya. Yarbanci a bakinta kamar a Abeokuta aka yanke mata cibi. To kusan shekara 2 ke nan abubuwa suka fara sauyawa. Ta ɗora tukunya ta manta, ta yi azahar sau biyu, ta tambaye ka ko ka ci abinci sau biyar a zama ɗaya. Muka ce tsufa ne. Daga baya ta fara cewa matata na sace mata kuɗin adashe, kuɗin kuma sai a tsince su ƙulle a bakin ɗankwali cikin firij. Yanzu kullum da rana ta yi sanyi sai ta ɗaure kaya a zani ta ce za ta gida, Baffa na jiranta. Baffan nan mahaifinta ne, a Gumel ya rasu tun ban yi wayo ba.

Juma'ar da ta wuce ta fice ba wanda ya gani. Sai bayan isha'i aka same ta wajen Pen Cinema, mutane sun kewaye ta, ana yi mata Yarbanci tana amsawa da Hausa, har wasu sun fara cewa mayya ce ta faɗo. Allah ya kawo wani mai shayi da ya san ta. Kafin wannan mun kai ta wani asibitin kuɗi, aka ce maleriya da taifot, aka yi allurai aka haɗo da maganin barci. Tun da ta fara shan maganin ta ƙara rikicewa, har ta faɗi a bayi. Yayana da ke Kano ya ce a maido ta gida, ƙanwata ta ce jifa ne. Ni kaina ya ƙulle. A taimaka da shawara don Allah.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ta lafiya, ya saka wa mai shayin nan da alheri. Jikina har rawa yake da na karanta wajen taron nan.

Ɗan Gumel: Ɗan'uwa maganar yayanka ita ce magana. Tsohuwa ta ce gida take so, ka kai ta gida mana. Hayaniyar Ikko ko mai ƙuruciya tana juya masa kai, balle ita.

Hajiya Mai Atamfa (Idi-Araba): Ni dai kada ku yi wasa da maganar ƙanwarka. Mace ta yi shekara 40 tana kasuwa, ta gina gida, ai ba za a rasa mahassada ba. A nemo mai ruƙiyya nagari.

Likita: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya sauƙi. Daga cikin waya ba zan iya yanke cewa ga ciwonta ba, sai an gan ta ido da ido. Amma abin da ka zana ya yi kama da abin da muke kira dimenshiya, wasu na ce mata cutar mantuwa. Abu na farko, a raba ta da tsufa. Tsoho yakan manta inda ya ajiye carbi, an jima ya tuna. Mai wannan ciwo yakan kai inda zai riƙe carbin a hannu ya rasa na mene ne. Kowa a cikinmu ya san tsohuwar da ta haura 90 tana lissafa jikoki da tattaɓa-kunne ba ta yi tuntuɓe ba.

Kuma ba iri ɗaya ba ce. Mafi yawa ita ce Alzaima, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai kuma wadda toshewar ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, ita nake fara tunawa a wajen mutanenmu saboda yadda hawan jini ya yi mana katutu. Komawarta Hausa zalla ma ba baƙon abu ba ne, harshen da aka koya da girma yakan riga na nono zubewa. Tana da hawan jini ko suga?

Abban Yusra (Agege): Duka biyun, ranka ya daɗe. Sugan ya kai shekara 15, metformin take sha. Na hawan jinin kuwa da ta ji sauƙi take ajiyewa.

Likita: To ka ga dalilin da ya sa nake cewa a yi bincike na gaske. Akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo kuma suna da magani. Daɗewa a kan metformin yakan rage bitamin B12, ƙarancinsa kuma yana taɓa tunani. Akwai matsalar tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Akwai ciwon damuwa, akwai kurumta da ake ɗauka mantuwa ce. Ciwon sanyi na mafitsara kaɗai yana iya hargitsa tsohuwa cikin kwana biyu. Duk rikicewar da ta zo farat ɗaya, ta kwanaki ba ta watanni ba, ta gaggawa ce, ba ta jiran ranar kilinik.

Abu biyu sun fi damuna a labarinka: maganin barcin da faɗuwar. Irin su diazepam, har Piriton da muke saya kamar alewa, suna ƙara wa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa. Kada ka ƙara mata ko ƙwaya ɗaya a kan abin da aka rubuta, ka kai wa likita kwalin gobe ya faɗi yadda za a janye. In kuma ta bugu a ka, ana buƙatar hoton cikin kai da ake kira CT, don jini kan taru a hankali a cikin kan tsoho sai bayan makonni ya nuna.

Wuraren zuwa a nan Legas: asibitin koyarwa na jami'ar jiha (LASUTH) da ke Ikeja ya fi kusa da kai, akwai na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, duka suna da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba. Wanda ke da halin zuwa Ibadan, asibitin koyarwa na can (UCH) na da cibiyar tsofaffi zalla tun 2012. Ka nemi takardar turawa daga likitan da ke duba suganta.

Ɗan Gumel: Haba Likita! Yaba? Uwar mutum sukutum ka ce ya kai ta Yaba? Gobe a Zango a ce Hajiya ta haukace, 'yan matan gidan ma su rasa manema.

Anti Nas (Mushin): Malam Ɗan Gumel, ranar Juma'a a bakin titi me aka kira ta? Wanne ya fi muni? Ba kwantar da ita za a yi ba, ganin likita ne a dawo gida kamar mai zuwa awon suga. In sunan Yaba ne ke yi wa dangi nauyi, ga Ikeja nan, aikin ɗaya ne.

Ɗan Gumel: Ni fa duk wannan cutar Turawa ce. Su da ke jibge iyayensu a gidan gajiyayyu. Mu da can ba mu san ta ba.

Likita: Mun san ta, suna muka sa mata daban. "Gigin tsufa" da "ta ruɗe" ai ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Tun 1992 aka fara wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka. An same ta a wuraren biyu, sai dai ta Ibadan ba ta kai ta can yawa ba. A duniya sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu suke, irin tamu.

Malam na Zango: Bari in sa baki kaɗan. Alƙur'ani da kansa ya ambaci wannan hali. A Suratun Nahli aya ta 70 Allah ya ce daga cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Haka ma a Suratul Hajji aya ta 5. Annabi (SAW) yana neman tsari daga wannan mataki a addu'arsa. To abin da Littafi ya faɗa tun ƙarni 14 ba za a ce daga Turai ya zo ba. Hajiya Mai Atamfa, tofi da addu'a ba wanda ya hana, ɗanta ya karanta mata Fatiha da Falaƙi da Nasi safe da yamma, shi ya fi kowa cancanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kawo ƙato ya danne tsohuwa, ya turnuƙe ta da hayaƙi, yana mata tsawa a kunne wai aljani ya fita. Na ga an yi, tsohon bai ƙara yarda da 'ya'yansa ba har ya koma ga Allah.

Hajiya Mai Atamfa (Idi-Araba): Allah gafarta Malam, ni ma ban ce a dake ta ba. Amma a haɗa biyun. Asibiti ba su san komai ba.

Malam na Zango: A haɗa, amma kada ɗaya ya cinye kuɗin ɗaya da lokacinsa.

Abban Yusra (Agege): Allah gafarta Malam, sallarta fa? Wani lokaci raka'a shida take yi, wani lokaci ta sallame a ta biyu. Azumin bara ma da rana muka same ta tana shan kunu.

Malam na Zango: Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe. In tana cikin hayyacinta a tuna mata a hankali, wata ta tsaya gefenta su yi tare. In ba ta ciki, babu komai a kanta. Kada a riƙa gyara mata da faɗa, kada a bar jikoki su yi mata dariya. Mai suga kuma da ma azuminta sai da shawarar likita.

Baba Direba (Mile 12): Ni na bi hanyar da Ɗan Gumel ke faɗa, bari in ba ku labari. Mahaifina shekara 35 yana harkar albasa a nan. Da abin ya same shi kullum sai "a kai ni gida". Na ɗauke shi da kaina har Aliero, har cikin ɗakin da ya gina da hannunsa. Washegari da la'asar ya ɗauki buta da sanda ya ce a kai shi gida. Gidan da yake nema na 1960 ne, da uwarsa a tsakar gida tana daka. Wannan babu motar da ke zuwa can. Kuma sauyin wurin ya ƙara rikita shi, ya yi mako uku bai gane hanyar bayi ba.

Maman Ilham: Wayyo Allah.

Ɗan Gumel: Na ji, amma a faɗi gaskiya. A gida akwai hannu da yawa, tsakar gida mai faɗi, unguwa kowa ya san ta. In ta fita yaro ma zai riƙo hannunta ya dawo da ita. A nan fa? Ciki da falo, ga titi, ga danfo.

Anti Nas (Mushin): Wannan kam ka faɗi gaskiya, ban musa ba. Amma unguwar da ta san ta Agege ce, ba Gumel ba, shekara 40 fa. Kuma hannu da yawan nan a tambaya tukuna, hannun wa? Sau da yawa ana nufin wata facala ce can da ba a shawarce ta ba. In za a mayar da ita, a fara yin binciken a nan, a tafi da takardu, a haɗa ta da likita a asibitin Malam Aminu Kano. Ba a sa ta a mota don a huta da ita ba.

Abban Yusra, ga abin da aikin jinya ya koya mini. Ranar ganin likita a tafi da wanda ke wuni da ita, ba wanda ke biyan kuɗi kawai ba. A zuba duk magungunanta a leda har na gargajiya. A rubuta abubuwan da suka faru da lokacinsu, a miƙa wa likita a takarda, don zayyana laifinta a gabanta cin fuska ne. Ka gaya musu ba ta yi boko ba kuma yanzu Hausa kawai take ji. Gwajin da aka saba yi mai maki 30 yana da rubutu da lissafi, wadda ba ta taɓa riƙe biro ba za ta faɗi ko lafiyarta ƙalau. Akwai wanda aka tsara don irin iyayenmu, a ce ta lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ko ta jera tsinken ashana yadda aka nuna mata. In kai ne tafinta, ka fassara tambaya kawai, kada tausayi ya sa ka raɗa mata amsa.

A gida kuma, ɗaure kayan magaribar nan sananne ne, da yawansu rikicewarsu da faɗuwar rana take tashi. A kunna fitila tun kafin duhu. Da la'asar a ba ta aikin hannu, tsintar wake, ninke kaya, gyaran zogale. A sa sakata can sama inda idonta ba ya kaiwa, a rataya 'yar ƙararrawa a ƙofa. A ɗinka lambar wayarka a cikin hijabanta duka. A ɗauki hotonta na yanzu. A gaya wa mai shago da masu keke na bakin layi da liman, har maƙwabta Yarabawa, a ce musu ciwo ne. Ɓoyewar nan ce ta kusa jawo muku abin da ba a fata. Silindar gas a rufe ta daga kai. Amma ɗaure ta da igiya ko kulle ta ita kaɗai a ɗaki, a'a.

In ta ce Baffa na jira, kada a ce mata ya rasu. Kowane faɗi sabuwar rasuwa ce a wurinta.

Abban Yusra (Agege): To ƙarya zan yi wa mahaifiyata ke nan?

Malam na Zango: Ba sai ka yi ƙarya ba. Ka ce dare ya yi Hajiya, a sha shayi tukuna. Ka ce ba ni labarin Baffa, wace sana'a yake yi? Duk gaskiya ce. Ayar da ta hana ka ce wa iyaye "tir" a Suratul Isra'i, a kan lokacin tsufansu ta sauka ai.

Uwargida (Obalende): Tun ɗazu nake karantawa, kowa na ba Abban Yusra shawara. Ina da tambaya ɗaya. Wa ke yi mata wanka? Wa ke wanke zanin gado? Wa ake kira ɓarauniya? Kai da asuba ka tafi wajen aiki Oko-Oba sai dare. Yaya yana Kano yana ba da umarni ta waya, ƙanwa tana ɗakin mijinta tana hango jifa. Yarinyar mutane ce a ciki tsundum, kuma a shari'a jinyar nan a wuyan 'ya'yan Hajiya take, abin da matarka ke yi kyautatawa ce. Na yi shekara 6 ina jinyar surukata, na fito da hawan jinin da har yau nake sha wa magani, ranar rasuwa kuma aka ce ban kula da ita ba.

Ɗan Gumel: Ai lada take samu.

Uwargida (Obalende): To ku ma ku zo ku ɗiba mana, ladan bai ƙare ba.

Maman Yusra: Assalamu alaikum. Ina cikin zauren nan, Abban Yusra bai san na gani ba. Ban so yin magana ba amma Anti Uwargida ta taɓo ni. Wallahi Inna ba ta taɓa yi mini ko kallon banza ba a shekara 11, ita ta yi mini wankan jegon Yusra da hannunta. Shi ya sa ranar da ta fara ce mini ɓarauniya a gaban maƙwabta na shiga ɗaki na yi kuka kamar raina zai fita, na ɗauka abin da ke zuciyarta ne tun da can. Yau da na karanta bayanin Likita na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Ni ban gaji da Inna ba. Barci ne kawai ba na samu, don ƙarfe 2 na dare take tashi ta hau neman tsintsiya. In za a samu mai karɓata ko kwana biyu a mako, zan iya.

Abban Yusra (Agege): Na ji. Na gode. Yau zan kira Yaya.

Anti Nas (Mushin): Ƙanwata, zargin sata na ciwon ne. Ta ajiye ta manta, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da wanda ya fi kusa, kuma ke ce kusa. Ki samo mata 'yar jaka da canji a ciki, ki gano maɓoyarta guda biyu ko uku, in ta fara sai ki ce zo mu duba tare Inna. Abban Yusra, in ka kira Yaya kada ka ce "a taimaka". Ka faɗi adadi: kai kuɗin hoto, ke wata ɗaya za ki zo ki zauna. Sannan maganar asusunta na banki da takardun gida, ku zauna ku duka a daidaita tun tana iya faɗin abin da take so, da shaidu.

Likita: Ƙari ɗaya don kada a sa rai da abin da babu. In an tabbatar Alzaima ce, magunguna irin su donepezil da memantine suna ɗan riƙe mutum na wani lokaci, ba sa warkarwa. Donepezil kan kawo tashin zuciya ko gudawa, yana kuma rage bugun zuciya, don haka ba na saya a kemis da kai ba ne. Duk wanda ya ce muku yana da maganin da ke warkar da ita kwata-kwata, ku riƙe aljihunku. Maganin hawan jinin nan da take ajiyewa, shi ne babban abin da za ku iya yi mata yau.

Abban Yusra (Agege): Jama'a salamu alaikum, bayan mako 6 na dawo da bayani. Mun je ɗaya daga cikin wuraren da Likita ya lissafa. Zirga-zirga kam an sha, sau huɗu muna fita tun asuba. An samu ciwon sanyi a fitsari an yi magani, B12 ɗinta ya yi ƙasa ana mata allura, an janye maganin barcin. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI bai nuna taruwar jini ba, alhamdu lillahi, amma ya nuna tabon ƙananan shanyewar jiki da ba mu taɓa sanin ta yi ba, ƙwaƙwalwar kuma ta ɗan motse. Likitan ya ce dimenshiya ce mai haɗe da iri biyu, ya fara mata donepezil 5mg, mu koma bayan wata ɗaya. Ba ta warke ba, amma rikicewar nan mai tsanani ta lafa, ba ta sake faɗuwa ba. Yaya ya biya kuɗin hoton, har yanzu dai yana kan bakansa na a maido ta. Ƙanwata ta zo daga Kaduna, yau kwananta 9, ta daina maganar jifa tun dare na uku.

Ɗan Gumel: Alhamdu lillahi. In kun tashi zuwa gida dai a sanar da ni, ina da direba mai hankali.

Uwargida (Obalende): Maman Yusra, kina barci?

Maman Yusra: Ina yi Anti, har na rana. Shekaranjiya muka ba Inna ƙullun waina ta duba, ta sa hannu sau ɗaya ta ce bai tashi ba a ƙara masa lokaci, kuma haka ne. Sunan ƙanwarta take kirana da shi yanzu, ina amsawa. Ɗaurin kaya dai yana nan. Jiya na ce bari in taya ki Inna, muka ɗaure tare muka ajiye bakin ƙofa, aka kira salla muka yi. Da safe ita ta kwance abinta tana faɗan wa ya hargitsa mata zannuwa.